Sharhi Kan ICD10Data.com: Mun Auna Shi da Lambobin Ciwon Mugunyar Cikin Ido

Duk wanda ya taɓa rubuta sunan wata cuta a Google ya bi shi da ICD-10, wato kundin da ke ba kowace cuta lamba, ya san shafin ICD10Data.com, domin da wuya bai fito cikin na sama-sama ba. Kyauta ne, ba ya neman rajista, kuma kafin ka ƙifta ido ya ba ka lamba. Shi ya sa ma'aikatan rikod, da ɗaliban da ke koyon aikin, da likitoci masu haɗa alƙaluman bincike suka mayar da shi tamkar littafin kan tebur. Hukuncinmu a kansa tun daga farko shi ne, kayan aiki ne mai kyau ga wanda ke kodin, wato sanya wa cuta lamba, da tsarin Amurka kuma ya riga ya san ƙa'idojinsa. Wanda bai sani ba kuwa, saurin shafin ne zai yaudare shi, ya ɗauki lamba ɗaya ya tafi alhali fayil ɗin na neman uku ko huɗu.

Da gangan muka zaɓi endoftalmaitis don gwajin. Wannan shi ne shigar ƙwayar cuta can cikin ƙwayar ido, cikin ruwan gaba da ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ke cike da bayan ido, har wurin ya yi mugunya. Mara lafiya kan zo da zogi, ido ja, fatar ido a kumbure, gani ya faɗi cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa kuma da farar mugunya kwance a ƙasan baƙin ido kamar an tsiyaya madara. Likita kan zuƙi ruwan cikin idon da allura a kai ɗakin gwaji, nan take kuma ya zuba magani a ciki, galibi vancomycin miligiram 1 da ceftazidime miligiram 2.25, kowanne cikin mililita 0.1. Abin da ya shafi mai kodin shi ne ta ina cutar ta shiga: bayan tiyatar yana, bayan allurar cikin ido, ta bororon tiyatar hawan jinin ido, ta rauni, ta gyambon baƙin ido da ya ɓula, ko ta jini daga wani wuri a jiki. Kowace ƙofa da tata lambar, kuma ba a babi ɗaya suke ba.

Kafin komai, a san wane littafi ne ke cikin shafin. ICD-10 na asali na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, babban taronta ya amince da shi a 1990. Amurka ta ɗauke shi ta faɗaɗa, ta kira nata ICD-10-CM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015, kuma cibiyar alƙaluman lafiya da ke ƙarƙashin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ce ke kula da shi. Na Amurkan ne ke cikin ICD10Data.com. Shafin bai ɓoye haka ba, akwai layi a ƙarƙashin kowace lamba da ke cewa wannan sigar Amurka ce, ta wasu ƙasashe na iya bambanta. Amma layin yana cikin ƙananan rubutun da ido ke tsallakewa, kuma mafi yawan kurakuran da mai aiki a Najeriya ko Nijar zai yi da shafin daga tsallake layin nan suke farawa. Za mu dawo kan wannan.

Ka rubuta “endophthalmitis” a akwatin bincike, ka latsa H44.001. A sama za ka ga jerin gidajen da lambar ta fito daga cikinsu: babin ido, rukunin H43 zuwa H44, sai H44 na cututtukan ƙwayar ido, sai H44.0 na mai mugunya. Kusa da lambar akwai 'yar alama, koriya idan lambar ta cika za a iya tura ta neman biyan kuɗi, ja idan kan gida ce kawai da ke jiran ƙarin harafi. H44.0 da H44.00 ja ne, H44.001 koriya. Wannan 'yar alama ita kaɗai ta isa a gode wa shafin, domin tura lambar da ba ta cika ba na cikin dalilan da kamfanin inshora ke mayar da takarda tun kafin mutum ya duba ta. Ƙasa da haka akwai shekarar da sigar ta fara aiki, da jerin sunaye makusanta, da rukunin biyan kuɗin kwanciya, da maɓallin mayar da lambar zuwa tsohon tsarin ICD-9, da tarihinta shekara-shekara tun 2016, sannan lambobin da ke maƙwabtaka da ita sama da ƙasa. Jerin maƙwabtan nan ya fi komai amfani a wajen ido, don a kallo ɗaya kake ganin duk zaɓin da ke gabanka.

Gidan H44.0 ɗakuna uku ne. H44.00 na mai mugunya da ba a fayyace ba, H44.01 na fanoftalmaitis, H44.02 na ƙurjin ruwan bayan ido. Harafi na shida a duka ukun yana faɗin ido: 1 dama, 2 hagu, 3 duka biyun, 9 ba a faɗa ba. Tarkon farko yana nan. Fihirisar littafin, idan ka bi kalmar kai tsaye ba tare da ƙarin bayani ba, H44.009 take kai ka. Mai gaggawa ya kwafe ta ya wuce, sai rikod ya nuna an yi wa mutum allura a idon da ba a san ko wanne ba ne. Babu uzuri a nan, ba a zuba magani cikin ido ba tare da an rubuta idon a takardar tiyata ba. Idan likita ya manta a wajen sunan cutar, ƙa'idar Amurka tun Oktoban 2021 ta yarda a ɗauki ɓangaren daga rubutun wani ma'aikacin lafiyar da ya duba mara lafiyar, idan kuma rubutun ya ci karo da juna a koma wa likitan. Shafin lambar ba zai gaya maka haka ba.

Masu tsohon hannu da suka yi aiki da ICD-9 za su nemi abin da babu. A can 360.01 na mai zafin farat ɗaya ne, 360.03 na mai jan lokaci. ICD-10-CM ya narkar da wannan bambanci, ya ba da ɓangaren ido a madadinsa. Don haka wanda ya zo kwana huɗu bayan tiyatar yana da ido cike da mugunya, da wanda ya yi wata biyar yana fama da kumburi mai lafawa da dawowa saboda ƙwayar cutar Cutibacterium acnes da ta ɓuya a jakar lensi, duka suna iya faɗawa H44.00, sai lambar ƙwayar cuta ta raba su. Maɓallin mayarwa zuwa ICD-9 kintace ne kawai, kada mai bincike ya gina ƙidayar shekaru goma a kansa ba tare da ya buɗe fayiloli ba.

Fanoftalmaitis kuma ba yana nufin “mai tsanani sosai” ba ne, kamar yadda wasu ke ɗauka. Yana nufin cutar ta cinye duk sassan ƙwayar ido har farin bangonta, sau da yawa ta fara taɓa naman da ke kewaye. Mai kodin ba ya ɗaga lamba daga H44.001 zuwa H44.011 don ya karanta cewa ido ya turo waje ko ba ya juyawa, sai likita ya rubuta sunan da hannunsa. Idan ya ƙara da kumburin kogon ido, wannan H05.01 ne, gida dabam. Sai fanyubiyaitis, kumburin dukan rufin tsakiya na ƙwayar ido, wanda Amurkawa suka ajiye a H44.11 ƙarƙashin “sauran endoftalmaitis” alhali mafi yawansa kumburi ne na garkuwar jiki, ba mugunyar ƙwayar cuta ba. Haka H44.13, kumburin da ke kama lafiyayyen ido bayan ɗan'uwansa ya ji rauni. Duk wanda ya ƙirga H44.1 gaba ɗaya cikin ciwon da aka ɗauko a tiyata ya kumbura alƙalumansa a banza. Laifin tsarin ne ba na shafin ba, amma shafin ma bai yi gargaɗi ba.

H44.19 ta sauran nau'o'in da aka fayyace baƙuwa ce a cikin danginta: harafi biyar ne, a haka ta cika, ba ta da dama ko hagu. Akan ga mai kodin ya ƙara mata 1 don ta yi kama da 'yan'uwanta, sai na'ura ta ƙi ta. Nan ma alamar koriya ce ke ceto. Ciwon fangas ba shi da lambarsa ta kansa a H44. Sai an haɗa lambar ido da ta cutar fangas ɗin daga babin cututtuka masu yaɗuwa, B37.89 ga Candida a wani sashe na jiki, B44.89 ga Aspergillus. Ko lambar idon za ta zama H44.19 ko H44.00 ya danganta da ko likita ya kira shi mai mugunya, kuma ya kamata kowane asibiti ya tsayar da matsaya ɗaya a rubuce don kada mutum biyu a ofis ɗaya su riƙa rabuwa.

Babban abin da muke kuka da shi a shafin shi ne yadda umarnin da ya fi muhimmanci yake yin nesa da ido. A littafin takarda, kafin idonka ya sauka kan H44.001 dole ya bi ta kan H44.0, inda aka rubuta abu biyu: a ƙara lamba don bayyana ƙwayar cutar, kuma kada a haɗa wannan da ciwon bororon tiyata. A shafin kuwa bincike yana jefa ka kai tsaye kan lambar ƙarshe. Umarnin yana nan, amma cikin sashen da ke nuna cewa lambobin sama suna ɗauke da bayanan da ka iya shafar wannan, kuma a waya sai ka gangara ka latsa. Abin yi shi ne, duk lambar da ka samu, ka hau mataki biyu sama ka karanta kan gidan kafin ka kwafa.

Lambobin ƙwayar cutar suna B95 da B96, kuma ba sa taɓa zama na farko, biyo baya suke yi. Wadda za ka fi rubutawa bayan tiyatar yana ita ce B95.7, ta sauran Staphylococcus irin su epidermidis. Babban binciken da aka yi a Amurka kan marasa lafiya 420, wanda aka wallafa a 1995, ya samu kusan kashi 70 na ƙwayoyin da suka tsiro a ɗakin gwaji daga wannan dangi suke. Staphylococcus aureus ya rabu biyu, B95.61 ga mai jin methicillin, B95.62 ga wanda ba ya ji, kuma idan ka sa B95.62 ba ka ƙara lambar bijire wa penicillin daga Z16, ta riga ta faɗa. Streptococcus pneumoniae B95.3 ne, dangin viridans B95.4, Enterococcus B95.2, Pseudomonas B96.5, Klebsiella B96.1, Haemophilus influenzae B96.3. Bacillus cereus da Cutibacterium acnes ba su da nasu, suna tafiya B96.89. Abu biyu ke lalata wannan sashe. Na farko, sakamakon ɗakin gwaji kan fito bayan an rufe fayil, ba wanda ya koma ya ƙara. Na biyu, mai kodin ya ɗauki suna daga takardar gwaji kai tsaye, alhali likita na iya ganin abin da ya tsiro ƙazantar fata ce ta shiga kwalba. Sai likita ya danganta ƙwayar da ciwon. A wancan binciken ma kusan kashi ɗaya cikin uku ba abin da aka tabbatar ya tsiro, don haka rashin lambar B ba kuskure ba ne kullum.

Maganar bororo tana buƙatar nutsuwa. Bayan tiyatar hawan jinin ido ana barin 'yar jaka ƙarƙashin fatar farin ido inda ruwa ke tsiyayewa, kuma ko bayan shekaru tana iya kamuwa. Wannan yana H59.4: H59.41 mataki na ɗaya, H59.42 na biyu, H59.43 na uku wanda shi ne cutar ta kai can ciki, H59.40 idan ba a faɗi mataki ba. Ba su da dama ko hagu. Hanin da ke kan H44.0 da H44.1 irin wanda ake kira Excludes1 ne, ma'ana ba sa zama tare a kan ciwo ɗaya. Mai kodin da ya ga kalmar endoftalmaitis ya tsaya nan zai sa H44.002, wanda ya karanta tarihin tiyata zai sa H59.43, kuma na biyun ne daidai. Mai son burgewa da ya sa duka biyu shi ma ya faɗi.

Ciwon bayan tiyatar yana shi ne wurin da shafin ya fi barin mutum shi kaɗai. Kamuwa bayan aikin likita tana babin raunuka, a T81.4, wanda aka farfasa tun Oktoban 2018 zuwa T81.40 har T81.49. Umarninsa na cewa a ƙara lamba don bayyana ciwon, don haka jerin kan zama T81.4 da ta dace, sai H44.00 da idon, sai ƙwayar cutar. Masu kodin sun rabu tsakanin T81.43 ta cikin gaɓa da T81.49 ta wani wurin tiyata, wannan ma matsayar asibiti yake so. Amma kafin a kai ga haka, akwai sharaɗin da ke cikin ƙa'idojin hukuma: ba a kiran abu matsalar tiyata sai likita ya rubuta alaƙar. “Endoftalmaitis, an yi masa tiyatar yana makon jiya” bai isa ba, ko da kowa a ɗakin ya san abin da ya faru. A rubuta masa takardar tambaya, kada a zaɓa masa amsa.

Sai harafi na bakwai. T81.49 harafi biyar ne, ana cike gurbi na shida da X, ya zama T81.49XA. Shafin yana jera A da D da S a fili, kuma ya yi kyau da haka, sai dai taƙaitaccen sunan A, wato haɗuwar farko, yana ɓatar da mutane. A ba ta nufin zuwan farko, tana nufin ana kan yaƙar ciwon. Wanda aka sake yi wa allura bayan awa 48, ko aka shiga da shi tiyatar kwashe ruwan bayan ido a rana ta uku, har yanzu A ne. D na zuwa ne lokacin da ake bibiyar warkewa, S kuma ga ɓarnar da ciwon ya bari, kamar idon da ya motse, wanda lambarsa H44.52 ce kuma ita ake fara rubutawa kafin ta S ɗin. Lambobin H44 su kansu ba sa ɗaukar harafi na bakwai.

Idan allurar cikin ido ce ta jawo, irin wadda ake yi wa masu ciwon suga da tsofaffi, ba T81.4 ba ce, T80.29 ce, kuma hanin da ke kan T81.4 ya nuna hanyar. Idan likita ya ɗora laifin kan lensin roba da aka dasa, T85.79 ce. Akwai kuma kumburin da kan tashi cikin awa 12 zuwa 48 bayan tiyata saboda ragowar sabulun wanke kayan aiki ko wani sinadari, mai kama da mugunya amma babu ƙwayar cuta a ciki. Idan a ƙarshe likita ya tsaya kan shi, H44.0 ba wurinsa ba ne, ko da an yi masa allurar maganin ƙwayar cuta bisa zato.

A wajen rauni, shafin yana da amfani sosai saboda tsarin lambobin ya canja salo. Ɗauki bakanike ko maƙeri da ya buga ƙarfe kan ƙarfe, ɓarɓashi ya huda idonsa na dama ya zauna a ciki, bayan kwana biyu ido ya cika da mugunya. Raunin S05.51XA ne, ciwon H44.001, idan Bacillus cereus ce ta tsiro a ƙara B96.89, sai lambar yadda abin ya faru daga babin dalilan waje. Manomin da karan dawa ya soke shi bai bar komai a ciki ba, idan hagu ne, S05.62XA. Lura cewa a S05 ɓangaren ido yana harafi na biyar, wanda ba a faɗa ba kuma 0 ne ba 9 ba, sannan babu lambar duka biyun, kowane ido da tasa. Ƙarfen da ya daɗe a ido bayan rauni ya warke yana H44.6 idan mai bin maganaɗisu ne, H44.7 idan ba ya bi, kuma ba a haɗa su da sabon rauni. Gyambon baƙin ido mai mugunya a gindinsa, H16.03, shi ma ba endoftalmaitis ba ne har sai likita ya ce ta kai ciki.

Wanda ya zo ta jini ba shi da lamba ta musamman, fihirisa tana mayar da shi H44.00. Aikin yana wajen jera abin da ya haifar da shi. Misalin da aka fi sani, musamman a Gabashin Asiya, shi ne mai ciwon suga da ƙurjin hanta na Klebsiella: K75.0 da B96.1 da lambar sugan, tare da ta idon. Idan an kwantar da shi da gubar jini tun isowarsa, lambar wannan ce ke gaba, A41.59 ga Klebsiella, B37.7 ga Candida. Nan ne H44.003 ta ido biyu ta fi fitowa. Idan ka gan ta a fayil ɗin tiyatar ido ɗaya, sake dubawa.

Ƙa'idar zato ma ba ta kan shafin lamba, ga shi kullum ana cin karo da ita a wannan ciwo, tunda magani ba ya jiran tabbaci. A tsarin Amurka, wanda aka gani ya koma gida ba a ba shi lambar cutar da likita ya ce “ana zato” ko “mai yiwuwa”, alamun da aka gani ake wa lamba, kamar mugunyar ɗakin gaba, H20.05, ko zogin ido, H57.1. Wanda aka kwantar kuwa, idan har a takardar sallama zaton ne ya rage, ana ba shi lambar kamar ta tabbata. Kundin ƙa'idojin kyauta ne a shafukan CDC da CMS, hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, ana sabunta shi kowace shekara, kuma ICD10Data.com ba ya maye gurbinsa.

Mu dawo gida. Sassan rikod na asibitocin Najeriya da littafin Hukumar Lafiya ta Duniya mai juzu'i uku aka horar da su, a Nijar ma shi ne da Faransanci da sunan CIM-10. A cikinsa H44.0 lamba ce cikakkiya, fanoftalmaitis da ƙurjin ruwan bayan ido duka suna cikinta, babu dama babu hagu, babu harafi na bakwai. Wani zai ce to ai sai a yanke wutsiyar lambar Amurka a bar harafi huɗu. Ga H44.001 dabarar tana aiki, ga wasu kuma tana kai mutum rami. Dubi makantar kogi, wadda asibitocinmu suka fi na Amurka saninta. A littafin Hukumar lamba biyu ake haɗawa, B73 mai alamar wuƙa da H45.1 mai alamar tauraro, haka ma tsutsar alade B69.1 da Toxocara B83.0. A ICD-10-CM babu H45 kwata-kwata, lamba ɗaya ce, B73.01. Wanda ya nemi H45.1 a shafin ba zai same ta ba, sai ya zaci an soke ta. Wanda ya yanke B73.01 kuma ya samu B73.0, wadda babu ita a littafinsa. Haka H59.4 na bororo ba ta cikin na Hukumar, B95.61 da B95.62 a can B95.6 ce guda, bijire wa magani kuma yana rukunin U82 zuwa U84 maimakon Z16. Rikod ɗin da aka cakuɗa tsari biyu a cikinsa ba ya ƙirguwa a ƙarshen shekara. Ga masu wannan littafi, shafin Hukumar kanta mai sigar 2019 shi ne wurin zuwa, shi ma kyauta ne, kuma ICD-11 da ya fara aiki a Janairun 2022 ya kawo ƙarin lambobin dama da hagu da ake liƙawa.

Duka littattafan biyu ba su tanadi lamba ga idon da ya kamu bayan mai maganin gargajiya ya tura yana da tsinke ba, abin da har yanzu asibitocin ido na arewa ke karɓa. Lambar mugunyar za ta shiga, ta lensin da ya goce ma za ta shiga a H27.1, amma dalilin sai dai a rubuta shi da kalmomi a rajista, in ba haka ba ya ɓace daga ƙidaya.

Sashen rukunin biyan kuɗi na masu aiki da asibitocin Amurka ne kawai. Yana nuna H44.001 na faɗawa rukuni na 121 ko 122, na manyan cututtukan ido masu zafi, na farkon idan akwai wata matsala mai nauyi tare da ita, na biyun idan babu. Nuni ne ba hukunci ba, domin idan lambar T ko ta gubar jini ta zama ta farko, ko aka shiga tiyata, rukunin ya canja, kuma shafin ba ya lissafa maka wannan. Lambobin aikin likita na CPT, 67028 ta allurar cikin ido, 67015 ta zuƙo ruwa, 67036 ta kwashe ruwan bayan ido, ba sa cikin shafin, mallakar ƙungiyar likitocin Amurka ne, sai an nemo su wani wuri.

Talla ce ke ɗauke da shafin, kuma a ƙaramar waya tana cin fili, tana tura rubutu ƙasa daidai lokacin da yatsa zai latsa. A kwamfuta abin ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Jerin sunaye makusanta yana taimakon bincike, amma ba ya cikin littafin hukuma, don haka ba hujja ba ne idan mai binciken inshora ya tuhumi lamba, fihirisa da jadawali ne hujja. Sannan shafin yana nuna sigar shekarar da ake ciki, alhali lamba tana bin ranar da aka ga mara lafiya ko aka sallame shi. Mai gyara fayil ɗin Satumban 2018 da ya kwafi T81.49XA ya sa lambar da ba a haifa ba tukuna, a lokacin T81.4XXA ce. Sashen tarihin lamba da ke can ƙasan shafi yana nuna shekarar da kowace ta shigo, a gangara a duba shi kafin a taɓa tsohon fayil.